Yatsun Baffa a Katin Baba

Baffa, ƙanen mahaifinmu, a kan injin yankan katako ya ƙarar da ƙuruciyarsa, a wani kamfanin kujeru. Mutum ne marar hayaniya, kullum girarsa da garin katako. Abin da ya iya ke nan, da shi ya yi aure, da shi yake riƙe da 'ya'yansa.

Gidanmu kuwa akwai wata ɗabi'a da muka ɗauka wayo ce. Katin asibiti ɗaya ne na mazan gidan, da sunan Baba, yana ajiye a kan kabad. Duk wanda ciwo ya kama sai ya ɗauka ya je ya amsa sunan Baba, don gudun layin buɗe sabon fayil. A takardun asibitin nan Baba ya yi ƙyanda da furfurarsa, an kuma cire masa haƙoran da suka fi waɗanda Allah ya ba shi yawa. Dariya muke yi, ashe garin neman gira za mu rasa ido.

Ranar da inji ya cinye yatsu huɗu na hannun daman Baffa, matarsa ta fizgi katin nan ta bi shi asibiti. Wa zai tsaya tunanin suna alhali jini na zuba? Likita ya rubuta komai, da ranar, da irin yankan, da cewa daga wurin aiki aka kawo shi.

Kamfani ya ce sam ba a wurinsu aka yi ba, suka sallame shi. Abokan aikin da suka naɗe masa hannu da rigarsu kowa ya ja bakinsa ya tsuke, don tsoron rasa abincinsa. Har yau ina jin haushinsu. Baffa ya kai ƙara neman diyya, ba shi da mai shaida sai rahoton likita.

Da lauyanmu ya miƙa rahoton, sai na kamfani ya miƙe ya ce bai yarda a karɓa ba, sunan da ke ciki ba na mai ƙara ba ne. Aka nemi likitan ya zo ya tabbatar, aka ce ya daɗe da barin aiki, ba wanda ya san inda ya koma. Sai aka kira Baba ya yi bayani. Lauyan kamfani ya tambaye shi ko sunansa ne a takardar, ya ce nasa ne. Shekarun ma nasa ne.

"To, ɗaga hannuwanka kotu ta gani."

Baba ya dubi ƙanensa, sannan ya ɗaga. Yatsu goma cif.

Alƙalin ba mugu ba ne. Ya ce yana ganin hannun Baffa da idonsa, amma babu wata hujja a gabansa da ta nuna inda abin ya faru. Ya ƙi karɓar takardar, shari'a ta bi ruwa.

Yanzu Baffa gadi yake yi a wani shago, yana koyon kulle kwaɗo da hagu. Bai taɓa ɗora wa kowa laifi ba, kuma wannan ya fi komai ƙona mini rai. Baba ne ya kasa yafe wa kansa. In sun haɗu a tsakar gida sai ya cusa hannuwansa cikin aljihu, ba ya fito da su sai Baffa ya shige ɗaki.