Birkin Jar Tarakta a Gangaren Chaza

Ko zan manta da abin da na ci jiya, ba zan taɓa mantawa da ranar da jar tarakta ta gangaro daga tudun gonarmu ta bayan Chaza ba. Shekaru sun ja, amma har yau in na ji ƙugin babban inji sai na waiwaya.

Ɗana na fari ne ya saye ta. Ba zan faɗi sunansa ba, don a gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta kuma nuna ta damu da shi a gaban mutane. "Kai" nake ce masa tun yana goye. Ya daɗe yana jan bas tsakanin Suleja da Abuja har bayansa ya gaji, sai ya sayar da bas ɗin da filin da ya gada, ya kawo tarakta sabuwa fil, kujerarta ma da leda. Unguwa ta fito kallo. Ni daga soro na leƙa, na ce Allah ya sa albarka, na koma ciki.

Gonar tamu tudu ce mai duwatsu, hanyarta ta gangaro a karkace har rafin da mata ke wanki. Ba a daɗe ba na lura da wani abu. In ya dawo zai tsaya a ƙofar gida, sai ya yi ta taka birki kamar mai keken ɗinki kafin ta yarda ta tsaya. Da safe kuma in ga ɗigon mai kore-kore a ƙarƙashinta.

Na ce, "Kai, abar nan ba ta jin birki."

Ya ce, "Inna, sabuwa ce, ba ta saki jiki ba ne."

"Sabuwa ce take dalalar da yawu?"

Ya kira waɗanda suka sayar masa, suka ce injiniyansu ya yi tafiya, a jira shi. To ga sabuwar doya ta isa haƙa, ga masu saye sun yi alkawarin turo babbar mota. Sai ya ɗauko bakaniken da ke gyara masa bas tun da, mutumin kirki, ba zan yi masa ƙazafi ba.

Na shimfiɗa tabarma a bakin soro ina tsince shinkafa, idona yana kansu. Da farko bakaniken ya shiga ƙarƙashi ya ɗaure wani ƙarfe, aka gwada, birki na nan lakwas. Ya ce to iska ce ta shiga. Ya kwance wani ɗan noti kusa da babbar taya yana ta yi wa ɗana ihu, "Taka! Riƙe! Saki!" mai yana tsartuwa da kumfa. Da man ya yi ƙasa, sai ya zaro kwalba daga jakarsa zai ƙara. Na ga launinsa kamar shayi marar madara.

Na ce, "Malam, wanda ya fito kore ne, naka kuwa ba kore ba ne."

Ya yi dariya. "Hajiya, man birki ai man birki ne. Launi kwalliyar kamfani ce. Na zuba wa motocin da suka fi wannan."

Ɗana ya ce, "Bar Inna, gareji za ta buɗe."

Suka kwashe da dariya. Ni ban yi boko ba, ban san ƙarfe ba, ido kawai gare ni. Kuma ranar birki ya kama cak, har bakaniken ya juyo ya ce, "Hajiya, a ba mu tukwici." 'Yan kwanaki ana lafiya, sannan takun keken ɗinkin ya dawo, ya ma fi da. Kullum da safe sai ɗana ya ƙara mata daga kwalbar nan da bakaniken ya bar masa.

Ranar kwasar doya an kwana ana ruwa, ƙasa ta yi santsi. Aka cika tirelar da tarakta ke ja har doya ta yi tozo. Matan da ke taya mu kwasa suka fara hawa kan kayan kamar yadda suka saba, har da surukata.

Na ce, "Ku sauko. Duk wadda ta hau, kada ta sake taka gonar nan."

Suka sauko suna gunaguni. Na ji wata tana cewa tsohuwar nan ba ta son a huta. Na juya wurin ɗana na ce ya rage kayan ya yi sawu biyu. Ya ce mai babbar mota ya ce in azahar ta yi zai tafi. "A hankali zan bi, Inna."

Muka biyo shi a ƙafa. Ya kai tsakiyar gangare sai ta fara sauri, nauyin tirela yana tura ta. Ya yi abin da hannunsa ya saba a bas, ya cire giya zai sa ƙarama, ita kuwa ta ƙi shiga, sai ƙara kamar ana niƙa tsakuwa. Daga inda nake ina hango ƙafarsa tana taka birki, tana takawa, babu komai. A ƙasa ga mata a rafi da 'ya'yansu. Zai iya dirowa. Bai diro ba, ya murɗa sitiyari ya nufi dutse.

A nan na kira sunansa. Na kira shi da iyakar muryata, karo na farko tun da na haife shi. Tirela ta naɗo, tarakta ta kife a kansa, doya tana ta mirginawa har cikin ruwa.

Ya rayu, amma daga ƙugu zuwa ƙasa babu abin da yake ji. Da injiniyan ya zo daga baya ya kwance birkin, ya nuna mana robobin ciki sun kumbura kamar waken da aka jiƙa. Ya ce irin wannan tarakta man birkinta daban ne, na mota cinye mata roba yake yi. Asalin ciwon kuwa wani noti ne da bai ɗauru ba, murɗa ɗaya ta ishe shi. Masu sayarwa suka ce tunda an zuba abin da ba nata ba, babu ruwansu. Bakaniken ya zo ya durƙusa yana kuka. Ban zage shi ba. Zagin zai tayar mini da wa?

Taraktar tana nan a ƙofar gida, kaji suna ƙwai a ƙarƙashinta. Gonar ta koma daji. Ɗana kuma yana kan tabarmar da na zauna ranar gyaran. Wata rana ina juya shi ya ce, "Inna, an ce kin kira sunana a tudu."

Na ce, "Ɗaga hannu in gyara maka riga."

Ya ce, "Ni dai ban ji ba. Inji ya hana."

Abin da na koya, na koye shi bayan ba shi da amfani gare ni, sai dai ko gare ku. Kalmar nan "sabuwa ce" ba ta tsayar da komai a gangare. In abu ya fara nuna ba ya son tsayawa, a ajiye shi a jira wanda ya san shi, ko doya za ta ruɓe a gona. Da mun jira, da doya kaɗai muka rasa.