Matar da Ta Kori Firji Daga Rumfarta

Duk wanda ya taɓa cin abincin rana a kasuwar garin Ticul da ke ƙasar Meziko ya san rumfar Donya Herminia Cauich, wadda ke dab da ƙofar da masu keken haya ke jiran fasinja. Wainar masara take soyawa, ta ɗora mata naman talotalo da jar albasa, ta ajiye yajin da ke sa ƙato hawaye. A wurin mahaifiyarta ta gaji rumfar da tukwanen, ta kuma gaji baki, don ba a gaya mata magana ta kwana da ita.

A kusurwar rumfar akwai dogon firji na kamfanin lemo, cike da baƙin lemon kwalba. Kamar kowa a garin, da shi Herminia ke karyawa, da shi take cin abincin rana, in zafi ya tsananta ta ƙara. Ruwa na wanka ne da wanke-wanke. In baƙo ya zo gidanka ka miƙa masa ruwa, kafin yamma unguwa ta ji cewa ka talauce.

Ranar da aka ce mata tana da ciwon sukari ko gezau ba ta yi ba. Da shi mahaifiyarta ta rasu, yayarta Gumersinda na fama da shi, rabin kasuwar ma haka. Ta karɓi ƙwayoyi tana sha, tana kora su da lemo. A haka shekaru suka tafi, har ƙafafunta suka soma kumbura, in ta ɗauko niƙa daga inji sai ta tsaya a hanya tana haki. Likitar asibitin garin ta auna jininta da fitsarinta, ta zaunar da ita.

"Donya, ƙodarki ta fara gajiya, jininki kuma ya hau. Zuciyarki na aikin da ya fi ƙarfinta. Me kike sha?"

"Abin da kowa ke sha."

"To ke dai ki bar shi. Ki sha ruwa. In kofi ne ko shayi, ban da sukari."

"Ai sai ki ce in mutu kawai, likita, kin huta da dogon bayani."

"Shi nake ƙoƙarin hana ki."

Herminia ta fito tana mita, ta tsaya a shagon bakin asibiti ta sha kwalba guda don ta huce.

Abin da ya juya ta ya faru ne a cikin motar haya. Ƙodar Gumersinda ta riga ta tsaya, sai an kai ta birnin Mérida ana yi mata wankin ƙoda, ran nan kuma Herminia ce ta raka ta. Suna dawowa da tsakar rana, motar ta tsaya a inda ake gyaran titi. Herminia ta buɗe kwalbarta, sai ta ga idon yayarta ya kafe, leɓɓanta a bushe. Kunya ta kama ta, ta ɓoye kwalbar a gefen riga.

"Sha abinki, ba ke nake kallo ba," in ji Gumersinda. "Wancan nake kallo."

Wani lebura ne a bakin titi ya ɗaga jarka yana kwankwaɗar ruwa, yana zuba a gemunsa da ƙirjinsa.

"Tun ina yarinya nake raina ruwa. Yau ga shi ana auna mini shi a ɗan kofi kamar maganin tari. Har mafarkinsa nake yi." Ta juyo. "Ke har yanzu kina fitsari, ko?"

"Haba Yaya, a cikin mutane?"

"Ki gode wa Allah. Ki sha ruwa tun ana barinki."

Har suka iso gida Herminia ba ta ƙara kurɓa ba. Kwalbar ta yi ɗumi a hannunta, ta bar ta a ƙarƙashin kujera.

Makonnin farko sun yi mata wuya. Kanta ya riƙa sarawa, ta ƙona miya, ta yi faɗa da mai kawo mata gawayi a kan abin da bai kai ya kawo ba. Mijinta Anastasio, mutum mai sanyin hali, ya koma shigowa gida a kan yatsun ƙafa. Mafi muni shi ne firjin, yana tsaye a bayanta yini guda, kwalaben na gumi. Ta dafa zoɓo ba sukari, ta tura tulun a ciki don ya yi sanyi. Da wakilin kamfanin ya zo zagaye, ya fito da tulun ya ajiye a ƙasa.

"Donya, kin san doka. Kayanmu kaɗai ake sa wa a ciki."

"Rumfar tawa ce ko taku?"

"Rumfa taki ce, firji namu ne."

"To ɗauki naku ka bar mini tawa."

Ya ɗauka wasa take yi, har ta leƙa waje ta kira mai keke. Aka ɗaure firjin da igiya, aka bi da shi ta tsakiyar kasuwa, mutane suna fitowa kallo. Wani da ake kira Don Nicanor, tsohon mai ɗinkin takalmi da ya fi shekara ashirin yana cin abinci a wurinta, ya miƙe ya cire hularsa.

"Allah ya ji ƙansa. Ya shayar da mu bai taɓa gori ba."

"Bi shi maƙabarta mana, ai kun kusa haɗuwa," in ji Herminia, don shi ma yana da ciwon.

Ta je unguwar masu ginin tukwane ta zaɓo randuna uku. Ɗaya ruwa zalla, ɗaya zoɓo da kirfa, ɗaya ruwan lemon tsami da kokwamba. Ta ce duk wanda ya ci abinci ya ɗiba kyauta. Da farko ba mai taɓawa. Wasu suka ƙaura zuwa wata rumfa, wasu kuma, irin su Don Nicanor, suka riƙa zuwa da kwalbarsu a hammata. Ba ta hana kowa ba. Yaji kawai ta ƙara. Kwalba takan ƙare tun baki na ci da wuta, sai mutum ya waiga hagu da dama, ya miƙa hannu ga moɗa.

"Wannan ai magani ne, 'yar'uwa," in ji Don Nicanor yana yamutsa fuska. "Zoɓo ba sukari, zunubin me muka yi?"

"Ajiye mini moɗata in ba ka so."

"Bari dai in ƙarasa, kada ya lalace."

Damina ba ta zagayo ba sai da takalmanta suka koma shigarta. Ba ta fasa shan maganinta ba, ba ta kuma fasa zuwa awo ba. Likitar ta ce sukarin ya sauka, jinin ya daidaita, ƙodar kuma ta tsaya inda take. Abin da ya lalace ba zai dawo ba, amma bai ci gaba ba. Herminia ta fito ta zauna a kan benci ta yi kukanta, ta share fuska ta koma kasuwa.

Sai ga bikin 'yarta. Nan ne Anastasio ya yi ta maza karo na farko a rayuwarsa.

"A kasuwa ki yi yadda kika ga dama. Amma biki ba lemo? Dangin ango za su ce mun wulaƙanta su."

"Shago na bakin layi. Mai so ya taka."

Ta aro randuna daga maƙwabta, ta jera su a ƙarƙashin bishiyar tsakar gida, ta sa aka fasa ƙanƙara a ciki. Gumersinda, wadda yanzu a keken guragu take, ta ce a ajiye ta a bakin ƙofa. Duk wanda ya shigo yana ƙunƙuni sai ta yi masa maraba, ta ɗaga masa hannunta ya ga jijiyar da allurar wanki ta kumbura.

"Shiga ka sha rabona," take cewa. "Ni an hana ni."

Ba wanda ya fita zuwa shago, in ban da kawun ango, shi ma a ɓoye. Kafin a gama cin abinci an sake cika randunan. Uwar ango da kanta ta ja Herminia gefe tana tambaya ko ana tafasa kirfar ne tare da zoɓon.

Da la'asar makaɗa suka ɗauko kiɗan jarana, rawar gargajiyar yankin. Herminia ta gyara mayafinta ta ja Anastasio tsakiyar fili. An daɗe ba a ga ƙafarta a rawa ba, sai mutane suka ja da baya suka ba su wuri. Ta ɗaga hannuwa tana juyi, dugaduganta na dukan ƙasa, mata na tafi. Kiɗa ya ƙare ta ce a sake. A zagaye na gaba Anastasio ya saki hannunta ya faɗa kan kujera yana fifita da hula.

"Tashi, tsoho, yanzu na fara."

"Nemi wani," in ji shi da ƙyar. "Ni na yi murabus."

Ta duba cikin taron, ta hango angon yana ƙoƙarin ɓuya a bayan amarya, ta yafito shi da hannu.