Shekarar da Awaki Suka Cinye Alamar Baba

Da sunan Allah nake farawa, Shi da ke sakin ruwa in Ya so, Ya riƙe in Ya so, ba mai tambayarSa dalili.

Shekarar da nake nufi, damina ta yi ta wuce mu ba mu ɗaure damin kirki ba. Sojoji ke riƙe da ƙasa. Mukan tashi daga ƙauyenmu, kusa da Gidan Amumune, mu tafi Mayahi mu jeru bayan kamiyon soja, wato babbar motarsu ta kaya, a auna mana jar dawa ta taimako, wadda tuwonta ke zama a ciki kamar an haɗiye tubali. Ba raini, ita ta riƙe mu.

A gida akwai Baba da Inna, da ni da matata, sai awakin Inna da ake iya ƙirga haƙarƙarinsu daga nesa. Dukiyarmu ɗaya ce: irin hatsi da Baba ya zaɓa zangarniya-zangarniya tun shekarar ƙoshi. Wanda ya ci irinsa ya ci gonarsa. Ran da ruwa ya sauka sai ya tsaya kallon mutane, ko ya naɗe tabarma ya nufi kudu. Baba ya san yunwa, ya kuma san tausayin Inna. Don haka wata ranar kasuwa, da muka watse, ya juye irin cikin babban gora, ya liƙe bakin da laka, ya binne a tsakar gida. Bai nuna wa kowa wurin ba.

"Malam, har ni?" in ji Inna.

"Ke musamman," in ji shi.

A gabansa na yi karatu, a hannunsa na koyi ajami, kuma na sha rubuta wa'azin haƙuri har tawada ta ƙare. Amma haƙurin takarda daban, na ciki daban. Baba kan ce Allah ba Ya jarraba bawa don Ya ga bayansa, sai don bawan ya gane hannun da ke ciyar da shi. Yakan ƙara da cewa haƙuri ba naɗe hannu ba ne: ka yi dabararka, sannan ka bar wa Mai abin.

Rani ya yi tsawo, ciyawa ta ƙare ƙaf. Mutane suka fara zare darni, wato karan da aka kewaye gida da shi, suna ba dabbobi. Ana cikin haka Baba ya tafi Tasawa gaisuwar mutuwa, ya daɗe. Kafin ya komo, awaki sun cinye darninmu duka, Inna ta dafa jar dawa da itacen da ke tokare shi. Da ya iso ya tsaya yana kallon fili fetal, ya yi salati. Mun zaci kunyar gida ba sutura ce ta kama shi.

Sai aka fita roƙon ruwa. Muka sa tsofaffin tufafi muka nufi filin idi, aka raba ƴan awaki da uwayensu suna ta kuka, liman ya juya rigarsa baibai, mu ma muka juya, alamar muna roƙon Allah Ya juya mana hali. Baba ya ce shi ba zai mai da tasa daidai ba sai ya ga shuka. Maƙwabcinmu, wani manomi Kirista, abokin wasan Baba tun suna kiwo, shi ma suna can majami'arsu ta zana suna nasu roƙon.

Ba a ranar ruwan ya zo ba. Wata la'asar ce gabas ta yi baƙi, iska ta kwanta, sai ga shi kamar da bakin ƙwarya. Wayyo daɗi! Mata suka ɓarke da guɗa. Inna ta kifa ƙwarya a ka tana juyi, matata na tara ruwa har cikin turmi, ni da ake ce wa malam na sami kaina ina tsalle kamar ɗan maraƙi. Ƙamshin ƙasar nan har yau yana hancina.

Da safe gari ya fashe, kowa da sungumi a kafaɗa, domin laima ba ta jiran kowa. Baba kuwa yana tsaye tsakar gida da rigarsa baibai, yana juyawa kamar mai neman alƙibla.

Na ce, "Baba, ina irin?"

"Shina kusurwar darni."

"Wane darni?"

Inna ta dafa ƙugu. "Darni na cikin awaki, Malam. Sai ka tambaye su."

Wallahi kamata ya yi mu yi kuka, amma dariya ce ta zo. Matata ta toshe baki da gyale don kunyar suruki, kafaɗunta na rawa. Muka kama tono. Baba ya nuna nan, mu haƙa. Ya ce a'a, can ne. Muka tono tsohuwar taɓarya, muka tono munduwar da Inna ta daɗe tana zargin wata baƙuwa da ɗauka, ta tsaya tana neman gafarar Allah da ta baƙuwar. Maƙwabci ya leƙo, ba ma darnin da zai tsaya bayansa.

"Malam, kowa na shuka a gona, kai kana shuka a gida? Ko rijiya ce?"

"Kai dai kawo hauya, sarkin surutu."

"Ruwan da muka roƙo muku ne za ku bari shi bushe?"

"Ku kuka roƙo? To mi ya sa bai tsaya gonarka ba?"

Ya kawo hauyar, ya taya mu har rana ta yi sanyi. Gida ya koma kamar ramukan gafiya, ba gora ba labarinsa. Nan dariya ta fara ƙarewa. Maƙwabci ya je ya ɗebo mana ɗan abin da ya rage na irinsa, wanda ko kusurwar gona ba zai rufe ba. Bayan magariba Baba ya ce a hankali, "Na yi dabara, na manta dabarar ma a hannunSa take. Alhamdu lillahi a kowane hali."

"Gode maSa da kyau," in ji Inna, "amma gobe ka koma tono."

Muka yi ta tono, gonakin mutane na tsirowa, tamu na kwance. Na fara tunanin hanyar kudu. Sai aka sake ruwa mai ƙarfi, ya zaizaye yashin tsakar gida. Bayansa kaɗan, wata safiya, matata ta ƙwala kira. Babbar akuyar Inna ta tsinke igiya ta nufi bayan murhu, inda ba wanda ya taɓa sa hauya, kuma a can ga wani tsiro kore shar, cunkus kamar gemu. Gara ce ta huda goran, ruwa ya shiga, irin da ke sama-sama ya tsiro ya nuna kansa.

Ban taɓa ganin Baba da gudu ba sai ranar. Ya tattare riga, ya tsallake rami, ya faɗa kan tsiron da ƙirji, akuya na cizon hularsa.

"Kin ci alama, ba ki cin iri!"

Muka tono goran a hankali. Na ƙasa bai lalace ba, ya dai fara kumbura. A ranar muka shuka shi, har da maƙwabci, Inna kuma ta dasa tsiron a gindin gona. Mun makara, kuma ba a yi shekarar ƙoshi ba, amma mun ɗaure abin da ya hana mu barin gida, muka fid da zakka, muka kai wa maƙwabci dami, muka ware iri.

Ran da shukar ta fito, Baba ya cire rigarsa ya mai da ita daidai. Da kaka ta yi, ya ɗauki sabon goran iri ya miƙa wa Inna.