Sunaye Tara a Layi Ɗaya

Ban wuce aji uku na sakandare ba. Rubutun manhaja a shagon gyaran kwamfuta na koye shi, a nan Suleja, da tsoffin littattafan da aka yar. Wata shekara wani Alhaji mai injin gyaran shinkafa a Izom ya ba ni aiki, in yi masa abin da zai karanta nauyin buhu daga sikeli ya buga a takarda.

Kwamfutata ta tsufa, sai mijin ƙanwata, mai digiri da ke zirga-zirgar Abuja, ya ce in kawo ya haɗa mini a tasa. Haɗawa ita ce a ɗaure abin da ka rubuta da laburare, wato aikin wasu da manhajarka ke ara. Aikina biyu kawai yake ara.

Na kai aikin Izom a filashi. Manhaja ta ƙi tashi, wai sai an kawo mata laburaren hotuna. Ni da ko zanen kaza ban sa a ciki ba. Can babu intanet, na hawo mota na dawo. Washegari na kai mata, ta nemi na sauti. Manoma zaune kan buhunansu suna kallona.

Alhaji ya ce, "Malam, sikelin ne zai yi mana waƙa? Surukinka ya kira ni, ya ce in abin ya gagara yana nan. Zuwa Juma'a na ba ka."

Ban san yana da lambar Alhaji ba.

Na dawo na binciki abin da manhajar ke jira kafin ta tashi. Sunayen laburare tara a layi ɗaya. Bakwai gayyar soɗi ne, ba ta taɓa su ko sau ɗaya, amma muddin an rubuta su ba ta motsi sai kowa ya hallara.

Na sami mijin ƙanwata yana wanke mota.

"Injiniya, wa ya gayyato mutum bakwai cikin aikina?"

"Haba Yaya. Layin da nake haɗa komai da shi ne a ofis, kwafowa na yi. A tawa ai ta tashi lafiya."

"A taka. Kiran Alhaji fa, shi ma kwafowa ka yi?"

"Taimako ne, kada ka ji kunya."

Ya ci gaba da goge gilashi.

Na share bakwai ɗin, na haɗa a tsohuwar kwamfutata, tana nishi kamar janareta. Ranar Alhamis takarda ta fito a Izom, Alhaji ya duba, ya ce a ɗora buhu na gaba.

Daga baya na ga masu ilimi da yawa haka suke yi, lalaci ne kawai. Mai yiwuwa shi ma haka ne. Ƙanwata ta ce zargi zai kashe ni. Muna gaisawa, ina cin tuwon gidansa, amma ko filashina ban sake bari ya riƙe ba.