Waƙar Sunan Jikata Ta Koma Japananci

Jama'a, yau ni ne har da yi wa laptop tofi!

Yau sunan jikata a unguwar Thamesmead, kuma na yi alkawarin waƙa da ajami. Da hantsi na zauna bugawa. Kun san ni, yatsa biyu ne, idona a kan haruffan Larabcin da na manna wa keyboard, ba na ɗago kai. Baiti na zuwa ina zubawa, har ina yaba kaina. Na gama, na ɗago. Innalillahi! Ba alif, ba ba. Wasu zane-zane ne kamar tsani da kujeru!

Na karanta Falaƙi da Nasi na tofa. Ko gezau.

Na kira 'yata Hadiza, injiniyar gidan. Ta ce, "Sorry, Baba! Update na yi wa Linux, manhajar laptop ɗin, ina gwada sabon tsarin rubuta Japananci. Na manta ban mayar ba."

"To, dawo min da waƙata."

"Ba za ta dawo ba. Wai ba ka kallon screen ne?"



Haka na yi printing ɗin zane-zanen a takarda, don kada in tsaya gaban surukai hannu rabbana. A wurin sunan na riƙe takardar na rera abin da na tuna, sauran na cike da salati.

Ana watsewa Alhaji Sani, kawun angon ƙarni, ya ja ni gefe. "Malam, hatimin nan na hannunka, na buɗi ne ko na tsari?"

Na rantse masa Japananci ne.

Ya ce, "Haka kuke ku malamai, rowa!"