Idan Gandu Ne, Ina Rumbu?

Duk rediyon da muka gyara a shagon Alhaji sai an kunna ta an gwada kafin mai ita ya zo. A shekarun da nake magana kuwa, kusan kowace tasha ka murɗa zancen ɗaya ne, 'yan ƙwadago da gwamnati suna ja-in-ja a kan mafi ƙarancin albashi. Alhaji yana zaune a bakin ƙofa bisa kujerarsa ta roba, ka ce gyangyaɗi yake yi. Amma da zarar kalmar albashi ta fito daga cikin rediyo sai ka ji muryarsa: "Ta yi, ta yi! A kashe, kada batirin mutane ya ƙare." In waƙa ce ko wa'azi, sai a bar ta ta yi ta zuba har la'asar, a nan batirin mutane bai dame shi ba.

Shagon yana cikin Gwarzo, ba nisa da tasha. Gyaran rediyo da tocila duk na gefe ne, babban aikinmu haɗa ƙananan fitilu masu caji. Alhaji yakan sayo kayan a kwali daga Kano, 'yan ƙwayaye da wayoyi da batira da gidajen roba, mu kuma mu zauna mu liƙe su da dalma ɗaya bayan ɗaya. 'Yan sari su kwashe su kai kasuwannin Getso da Kara da sauran ƙauyuka. Biyanmu jinga ne, fitilar da ta kama wuta ita ake biya, wadda ta ƙi kuwa asararka. Ni daga Kabo nake zuwa kullum a kan babur, kuma ba zan yi ƙarya ba, na ji daɗin aikin nan. Akwai wani sanyi da ke sauka a zuciya lokacin da ka danna maɓalli, abin da ka haɗa da hannunka ya haska.

Alhaji ba mugu ba ne. Yana saya mana abincin rana, in an yi wa mutum haihuwa ya aika da rago ko rabinsa. Hannu ne dai irin na jarirai, a dunƙule. Kuma yana da wata magana da yake rufe kowane baki da ita. In wani ya yi ƙorafi sai ya ce, "Ku daina kallon nan kamar ma'aikata. Nan gandu ne, duk 'yan gida ɗaya muke." Wa zai yi jayayya da uban gida? Ni ma abin ya fi ɗaure ni, domin mahaifiyar Alhaji ƙanwar kakana ce, shi da Babana taubasai ne, ta wannan hanyar ma na samu aikin.

A cikinmu akwai mace ɗaya, muna ce mata Mama. Kirista ce, mutuniyar Filato. Mijinta malamin firamare ne da aiki ya kawo Gwarzo, ya daɗe yana koyarwa har Allah ya yi masa rasuwa, ya bar ta da 'yan mata biyu. Tun tana budurwa ta koyi aikin lantarki a Jos, kuma ita ta koya mini riƙe ƙarfen narka dalma. Nata ƙarfen na kanta ne, mai mariƙin katako da ya yi baƙi ya yi santsi saboda daɗewa a hannu. Ba ta ba kowa aronsa. In na miƙa hannu wajensa sai ta buge ni da bayan sukudireba ta ce, "Ɗan Kabo, ka taɓa ganin an ari buroshin haƙori?"

Ɗakin da muke aiki a ciki ba shi da taga. Ƙofa ɗaya ce, ita ma Alhaji da kujerarsa sun tare rabinta. Hayaƙin dalma ya tashi ya rasa mafita, sai ya dawo mana a ido da maƙogwaro. Mu masu haɗa fitila muna aiki a duhu, ƙwan lantarki ɗaya ne rataye a sama, shi ma sai ranar da aka ga damar kawo wuta. Mun sha roƙon a fasa taga, amsar Alhaji ba ta canzawa: "Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Ku kuna son iska, ɓarayi ma suna so."

Ni na fara lura da idon Mama, domin benci ɗaya muke zama. Sai na ga tana kai fitila har kusa da hancinta. Sai na ga tana lalubar waya da yatsa kafin ta ɗora ƙarfe. Wadda a da take cika kwali kafin azahar, ta koma ba ta kai rabi har a tashi, a cikin rabin ma wasu su ƙi kamawa. Ta je asibitin ido a Kano, aka ba ta tabarau, aka ce ta nemi haske ta guji hayaƙi. Ta dawo tana dariya tana cewa likita bai san shagon Alhaji ba. Amma jinga ba ta san tabarau ba. Abin da take samu ya yi ta raguwa har ya kasa riƙe hayar ɗaki da makarantar yara.

Wata ranar Asabar da muka tashi, ta naɗe ƙarfen nan nata a tsumma ta ajiye a gabana.

"Riƙe wannan, ɗan Kabo. In yara suka yi hutun ƙarshen zango za mu koma gida. Yayana ya ce akwai ɗaki a ƙauye."

"Wane gida kuma, Mama? Yaran nan a Gwarzo aka haife su. Ko yarenku ba su iya sosai ba."

"Za su koya," in ji ta. "Kabarin babansu ne kawai ban san wa zan bar wa ba."

Na ji abin har cikin ƙashina. Ta ci gaba da zuwa aiki tana amfani da ƙarfen shago, wani sakarai mai zafi yau sanyi gobe, ni kuwa na kasa ko warware tsumman.

Ni mutum ne mai saurin hawa, duk Kabo an sani. Ranar Litinin na tsaya gaban Alhaji, ko gaisuwar kirki ban gama ba na ce ya kamata a yanka mana albashi, ko yaya yake, wanda mutum zai san yana da shi ko ya yi ciwo. Na ƙara da cewa rediyo ma kullum faɗi take yi. Alhaji ya dube ni daga sama har ƙasa.

"Albashi? Ni gwamnati ce? Gobe kuma sai yajin aiki, ko? To bari ka ji, yaro, nan gandu ne. Wanda yake son albashi ga hanyar sakatariya can."

Na hau babur ina huci har Kabo. Na tarar da Baba a zaure yana gyaran ƙotar fartanya, na zazzage masa komai. Bai ɗago ba sai da na zo kan maganar gandu.

"Shi da bakinsa ya ce gandu?"

"Kullum ma faɗi yake yi, Baba."

Ya ce, "To." Ya ci gaba da fiƙar ƙotarsa. Na ji haushi, na ɗauka tsohon bai ɗauki maganar da nauyi ba.

Kwana biyu bayan nan da safe na fito zan tayar da babur, sai ga Baba da babbar riga da hula, rediyonsa a rataye a kafaɗa. Ya ce in kai shi Gwarzo, rediyon tana son gyara. Rediyon nan ni nake kula da ita, lafiyarta ƙalau, da ita ma ya ji labaran asuba. Na dai goya shi.

Da Alhaji ya hango shi sai ya miƙe yana dariya. "A'a, yau manoman Kabo ne a birni? A ɓoye abinci!"

"Ɗan mace, wane abinci gare ka da za a ɓoye? Kai da ƙuda ma ya san ba ya samun komai a gidanka."

Suka gaisa, gaisuwa mai tsawo, gida da iyali da gona da gajiya, kowa yana cusa tsiyarsa a tsakani. Sannan Baba ya ce zai shiga ya ga inda ake gyaran. Ya shiga ya tsaya, ya yi tari, ya fito da hannu yana lalube da gangan.

"Kai, a kawo mini fitila in ga masu yin fitila."

Muka ƙunshe dariya. Ya gaida Mama da girmamawa, ya ce ya san marigayi Malam, ya koyar da 'ya'yan ƙaninsa. Ya koma waje ya zauna kan benci kusa da Alhaji, ya ɗora rediyon a cinya.

"An ce mini gandu ka kafa a nan."

"Ƙwarai," in ji Alhaji, har da gyara zama.

"Madalla. Ni da kai duk a gandu muka tashi, a gidan kakanmu. To nuna mini rumbun."

"Wane rumbu?"

"Rumbun da ake ɗebar hatsi a ba kowane ɗaki. Ka manta shekarar da kunama ta harbi yayanka, ƙafa ta kumbura ta zama gyambo, damina guda bai riƙe fartanya ba? An rage wa ɗakinsa ko mudu ɗaya? Ɗan gandu yana noma wa maigida, maigida yana ci da shi, da lafiya da ciwo, da albarka da fari. Abin da ya noma a gayaunarsa da yamma, wannan nasa ne na ƙari. Kai kuwa ka ba mutane gayauna tsura, ka ce kowa ya ci abin da ya noma, sannan kana kiran kanka mai gandu. Idan gandu ne, ina rumbu? In babu rumbu, ka kira shi ƙwadago, ka bar rediyo ta faɗa musu farashinsu."

Duk wannan da murmushi ya faɗe shi, yana ɓare goro. Alhaji ya yi dariyar da ba ta wuce leɓe ba.

"Kai dai ka zo ne ka haɗa ni da yarana."

"Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba," in ji Baba. Ya miƙa masa ɓarin goron, ya kunna rediyonsa ta kama garau, ya ce, "Ka ga, iskar Gwarzo ma ta gyara ta." Ya sa na mai da shi tasha.

Mako ya zagayo Alhaji bai canza komai a shagon ba. Ya rage wasa, ya rage zama a ƙofa. Na fara tunanin Baba ya ɓata ne maimakon ya gyara, hutun makaranta kuma yana ta matsowa. Mama har ta sayar da gadonta na ƙarfe.

Sai wata safiya na iso na tarar da magini yana fasa bangon gabas, maƙeri yana tsaye da ƙarafan da za a gitta. Alhaji yana kansu yana faɗa a kan faɗin tagar, wai sun cika hannu. Da aka gama, haske ya shigo ya sauka daidai kan bencinmu, muka ga dattin da muka shekara muna zaune a ciki, kunya ta kama kowa.

Da azahar ya tara mu. Bai dubi kowa ba, carbinsa yake kallo. Ya ce daga wannan wata akwai abin da kowa zai ɗauka a ƙarshen wata, ko ya haɗa fitila dubu ko bai haɗa ko ɗaya ba, muddin yana cikin gidan nan. Jinga tana nan a kan haka, ga mai ƙarfi. Mama kuma za ta koma bakin taga, ita za ta riƙa duba aikin kowa kafin a rufe kwali, ta haɗa abin da idonta ya iya.

"Kuma kada in ji wani ya kira shi albashi," in ji shi. "Rumbu ne."

Gaskiya rumbun bai kai abin da rediyo take faɗi ba, ko kusa. Amma yana biyan ɗaki ya sayi hatsi, kuma mutum yana iya kwanciya ciwo ba tare da ya ji tsoron wayewar gari ba. Har na bar shagon na buɗe nawa a Kabo, ban ji wanda ya kira shi da wani suna ba. Ni ma yanzu haka nake ce wa masu yi mini aiki, sun ɗauka tsohuwar kalmar masu gyara ce. Alhaji kuwa bai fasa sa a kashe rediyo ba.

Ranar da aka tara mu ɗin, Mama ba ta ce komai ba sai "Mun gode, Alhaji, Allah ya ƙara arziki." Ta ja kujerarta zuwa bakin taga, ta goge tabarau da gefen zani, ta daɗe tana kallon waje. Na ga kafaɗunta suna rawa, na sunkuyar da kai na yi kamar ina neman wani abu a ƙasa. Can sai na ji bayan sukudireba a kan hannuna.

"Ɗan Kabo, ina ƙarfena?"

"Wanda kika ba ni kyauta?"

"Ajiya na ba ka. Gobe ka zo mini da shi, kuma in na ga ka taɓa bakinsa sai na haɗa ka da Babanka."

Washegari na kawo mata shi a cikin tsummansa, ƙullin da ta yi yana nan yadda yake. Ta kwance, ta jona shi a wuta, ta jira ya yi zafi. Sannan ta tambaye ni ko na san inda za a samu gadon ƙarfe mai sauƙi a Kabo.