Malam Daudu Roni, Wanda Ya Karanto Falsafa

Na Allah muke, kuma wurinsa kowa zai koma. Ranar Talata, 14 ga Maris, 1978, da hantsi, Allah ya karɓi ran Malam Daudu Roni a Kazaure, bayan kwana huɗu yana fama da sanƙarau. Shekarunsa talatin da uku. Ni Sama'ilu Babura, abokinsa tun firamare, sai da aka rufe shi labari ya iske ni a Kano.

Daudu, a iya sanina kai ne na farko a yankinmu da ya je jami'a a Kudu ya karanto falsafa. Ina nan ranar da ka dawo. Mahaifinka, Malam Haladu, ya juya takardar digirin a hannunsa ya ce, "To, mai wannan karatu, likita ne ko alƙali?" Ka durƙusa ka ce, "Baba, ba ko ɗaya. An dai koya mana mu binciki magana kafin mu yarda da ita." Tsoho ya miƙo maka takardarka. Mu kuwa abokanka dariya muka yi ta yi maka.

Ba hanya ka rasa ba. Lokacin ko'ina neman masu digiri ake yi. Cikin abokan karatunka wani ya shiga aikin jarida, wani harkokin waje, wani ya koma ya karanta lauya. Kai ma wani kamfanin mai ya kira ka Legas, da gida da mota. Ka ce a'a, ka karɓi aikin mulki a ƙasarmu, ofis ɗaya da ni.

A shekarar fari, 1973, manoma da makiyaya suka ja daga a kan wata rijiya arewa da Babura, kowa da makaminsa. Ba ka je da ɗan sanda ba. Ka sa aka shimfiɗa tabarma, ka ce sarkin noma ya faɗi hujjar Arɗo, Arɗo ya faɗi ta sarkin noma, kuma ba mai tashi sai kowa ya yarda an faɗi tasa daidai. Yini biyu aka yi a kai. Har yau rabon ran nan ake bi: mutanen gari da safe, shanu da yamma.

Akwai kuma abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Bayan shekara biyu wani mai hali ya nemi a mallaka masa fadamar wani ƙauye a ƙasar Gwiwa, wadda gida sittin ke ci daga gare ta. Takardar ta zo teburinka. Tambaya ɗaya ka yi: "Masu noma ta, ina za su?" Ka ƙi sa hannu. Aka mayar da kai ofishin da ba aiki, aka kawo takardar teburina. Ni na sa hannu, Daudu. Aka ƙara mini girma zuwa Kano, kai kuwa ka ajiye aiki ka koma koyarwa a Kazaure.

Bara mun haɗu a tasha. Ka riƙe hannuna, ka tambayi iyalina ɗaya bayan ɗaya, ba ka ta da maganar ba. Na yi niyyar in zo gida in roƙe ka gafara, kullum ina cewa sai wani makon.

Matarka Fatu ta gaya mini da cutar ta shiga ƙauyukan Gwiwa, ka hau babur ka bi ma'aikatan lafiya, kana lallashin mutane su fito da marasa lafiyarsu. A can ka ɗauko sanƙarau ɗin. Ta ce mutanen fadamar nan sun zo gaisuwa a ƙafa, sun zauna a ƙofar gida har la'asar.

Allah ya jiƙan ka, ya gafarta maka, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce makoma. Ina yi wa Fatu da 'ya'yanta biyu, Mairo da Inno, da 'yan'uwa na Roni, da ɗaliban Daudu, ta'aziyya. Allah ya ba ku haƙuri, ya raya abin da ya bari. Ni kuma, wanda ya karanta wannan ya roƙa mini gafarar Ubangiji, domin ta wurin Daudu na makara.